Batir ko turbo: wace a-kori-kura ce za ta iya da rairayin Kurfai?

A da, wanda Allah ya hore wa kuɗin a-kori-kura a ƙasar Kurfai ba ya doguwar shawara. Iyayenmu sun san Pijo 404 da 504 masu rumfar tamfol, waɗanda suka yi shekaru suna jigilar hatsi da mutane da awaki tsakanin Filinge, Baleyara da Yamai. Da ƙarfinsu ya ƙare Hilux ta karɓi hanya, tambaya ɗaya ta rage: ta fetur ko ta gazuwal? Yanzu wata sabuwar tambaya ta shigo mana ta wayar hannu. Ƴan'uwanmu da ke Amurka, musamman na Greensboro da New York inda ƴan Nijar suke da yawa, suna turo hotunan ƙananan a-kori-kura da ake gwanjonsu a can, su ce a zaɓa a aiko kuɗi. Cikinsu akwai Ford Maverick, wadda take zuwa iri biyu. Ɗaya haibirid ce, injin fetur da injin lantarki suna taimakon juna, ga batir a ƙarƙashinta. Ɗayar injin fetur ne zalla, ƙarami, amma an ɗaura masa turbo.

Wani ɗan kasuwar hatsi daga wajen Shikal ya kunna mana saƙon murya da ƙanensa ya aiko masa, muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu.

"Yaya, don Allah ka ɗauki mai batir. Wallahi sai ka manta hanyar gidan mai."

Shi kuma ya danna waya ya mayar masa: "Na ji, Auta. To in ta tsaya mini a daji da buhu shida a baya, kai za ka taso daga can ka tayar da ita?"

Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa maganar ta cancanci a zauna a kanta. Kuma ba maganar Ford kaɗai ba ce. Toyota ta fara sa wa Hilux mai gazuwal ƙaramin batir na taimako a 2024, kamfanin BYD na Sin ya fito da a-kori-kurarsa Shark mai haɗa fetur da lantarki a shekarar 2024 ɗin, Ford kuma yana haɗa Ranger mai batir a masana'antarsa ta Silverton kusa da Pretoria. Ko ba mu je neman wannan zaɓi ba, zai same mu har tasha.

Ita Maverick an fito da ita a 2021, ana haɗa ta a Hermosillo ta ƙasar Meziko, farashinta na farko dalar Amurka 19,995. Mutane suka yi mata ca, har kamfanin ya dakatar da karɓar oda a Janairun 2022 saboda ya kasa biyan buƙata. Mai batir tana da inji mai lita 2.5, in an haɗa shi da na lantarki ƙarfin doki 191 ke nan. Mai turbo injinta lita 2.0 ne, amma ƙarfin doki 250 yake bayarwa, da giya 8 mai canza kanta. Sitiyarinsu a hagu yake kamar na motocinmu. Nahiyar Amurka aka yi wa ita, ba a sayar da ita a Afirka ta hannun wakilin kamfani, don haka duk wadda ta iso Nijar ta zo ne babu garanti, babu shagon da ya tanadi kayanta.

Masu goyon bayan batir sukan fara da gyara wata fahimta da ta yaɗu, kuma sun kyauta. Wannan mota ba a jona ta da wuta, ba ruwanta da NIGELEC ko ɗaukewar lantarki. Fetur take sha kamar kowace mota. Batirinta ƙarami ne, injin motar ne yake caja shi, haka nan duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da a sauran motoci yake tashi a banza ya zama zafi, ita sai ta mayar da shi cikin batir. In an tsaya, inji ya mutu da kansa. In an tashi a hankali, lantarki ya ja motar kafin inji ya kama. A nan tsiminta yake.

Ga alƙaluman da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar wa samfurin 2022, in an mayar da su lissafinmu. A cikin gari, mai batir tana shan lita 5.6 a kilomita 100, mai turbo kat-kat tana shan lita 10.7, kusan ninki biyu. Wanda yake yawo cikin Yamai, daga Wadata zuwa Katako, ya tsallaka gada ya dawo, yana tsaye yana tafiya cikin cunkoso, in ya yi kilomita 20,000 a shekara zai tsira da fiye da lita 1,000. A kan sefa 499 da gwamnati ta mayar da litar fetur a Yulin 2024, kuɗin ya haura jika 500. Wannan kuɗin makarantar yara ne da ragon layya, ba abin da za a kawar da kai a kansa ba ne.

Amma a duba rabin lissafin na biyu, wanda Auta bai aiko ba. A buɗaɗɗiyar hanya, inda ba a taka birki sai jefi-jefi, mai batir tana shan lita 7.1, mai turbo 8.1. Tazarar ta koma lita ɗaya tak a kilomita 100. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, zuwa da dawowa 360, ke nan abin da za a tsira da shi bai kai lita 4 ba, kimanin sefa 1,800. A shekara mai kilomita 20,000 jika 100 ne. Kuɗi ne, amma gyara ɗaya mai nauyi ya cinye na shekara uku. Ko nisan da tanki ɗaya zai kai mutum bai bambanta sosai ba, domin tankin mai batir lita 52 ne, na mai turbo 62, kowace tana iya wuce kilomita 700 a kwalta. Mutumin Kurfai kuwa rayuwarsa a buɗaɗɗiyar hanya take, ko a burji, ko a rairayi. Tsimin da aka gina motar a kansa na mutumin birni ne.

Duk da haka ba zan raina lita ɗaya ba, domin mun ga ranar da lita ɗaya ta fi kuɗinta. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, ta daɗe tana wadatar da mu ne saboda wani kaso mai yawa na man da ake sha a ƙasa yana shigowa ta bayan fage daga Najeriya. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan rijiya ta fara ƙafewa, nauyi ya dawo kan SORAZ da SONIDEP. A Maris na 2025 layukan motoci suka cika gidajen man Yamai, mutane suna kwana a layi. In babban birni ya shiga wannan hali, ba sai an faɗi yadda garin da ke ƙarshen layin tanka yake ba. A irin wannan mako motar da take lallaɓa manta ita ce take fita aiki.

Hujjar masu batir da ta fi ƙarfi a wurina ma ba ta mai ba ce. Mutane suna jin an ce lantarki sai su ɗauka motar ta fi rikitarwa, alhali ta wasu fuskoki ta fi sauƙi. Injinta na fetur ba shi da turbo, kuma yana fesa mai ne ta tsohuwar hanya, a bakin bawul, da matsi kaɗan, irin fesawar da bakanikenmu ya saba da ita a Corolla da Hilux mai fetur. Ba ta da kuloci, ba ta da sitata irin wadda muka sani, ba ta da na'urar cajin batir mai bel. Giyarta ƴan haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki biyu, babu faifan da ke gogewa. Takalman birkinta suna daɗewa tunda lantarki ne yake yin yawancin aikin tsayarwa. Tasi-tasin Ford Escape masu batir da aka zuba a titunan San Francisco da New York tun 2005, da dama sun haura kilomita 400,000 suna aiki. A Mongoliya kuwa, ƙasar makiyaya mai ƙarancin kwalta, tsofaffin Toyota Prius da ake kawowa daga Japan sun cika birni da daji, har masu kiwo suna bin dabbobinsu da su. Makanikan can ba da sanin batir aka haife su ba, motocin ne suka yi yawa har dole ta sa suka koya. Mu ma mun ga haka lokacin da injekta ta kori kafireto. An yi ta cewa ba za ta gyaru a nan ba, yau yaron gareji ma yana wanke ta.

To ina matsalar? Tana ƙarƙashin mota, a tayoyi. Maverick mai batir ta shekarun 2022, 2023 da 2024 tayoyin gaba kaɗai suke ja. Sai a samfurin 2025 kamfanin ya ba da zaɓin kat-kat ga mai batir. Waɗanda kuɗin ɗan kasuwarmu zai iya kaiwa gare su a gwanjo kuwa na shekarun farko ne. A-kori-kura mai jan gaba, in aka ɗora mata kaya a baya, nauyi yakan sauka daga kan tayoyin da suke ja. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya gangara cikin Dallol Boso zuwa kasuwar ƙauye ya san abin da ke biyo baya. Mota ta shiga rairayi mai laushi, gudu ya ragu, tayoyin gaba su fara haƙa, kafin direba ya ɗaga ƙafa ciki ya zauna a ƙasa. Sai a sauke fasinja, a sauke buhuna, yaron mota ya durƙusa yana rage iskar taya da tsinke, wasu suna tone rairayi da hannu, wasu suna karyo rassan sabara suna cusawa ƙarƙashin taya, rana tana dukan kowa. Ƙaramin batirin nan ba zai cece ta a nan ba, cikin ɗan lokaci yake ƙarewa in ana ja da ƙarfi, ya bar injin fetur shi kaɗai. Da damina kuma ga ƙoramu da laka.

A nan masu turbo suke miƙewa tsaye. Tasu tun farko ana samunta kat-kat, har akwai samfurin FX4 mai farantan ƙarfe da ke kare cikinta daga duwatsu. Ƙarfinta yana zuwa tun inji bai yi ihu ba, abin da ake buƙata in ana hawa tudu da kaya ko ana fizgar mota daga rairayi. In an sa mata kayan ja na musamman tana jan tirela mai kilo 1,800, mai batir ta shekarun farko kuwa kilo 900 ne iyakarta. Suna kuma cewa turbo ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tunda Hilux mai gazuwal ta zamani, mai lita 2.4 da mai 2.8, duk da turbo suke zuwa, makanikan Yamai sun buɗe shi sun rufe ba adadi. In ya lalace ƙarfe ne, ana cire shi a sa wani. Ba a buƙatar safar hannu ta musamman, ba a tsoron wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum.

Gaskiya ne, sai dai ƙarfin nan da sharaɗi yake zuwa. Turbo kamar zugazugin maƙeri yake. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƴar farfela, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke cusa iska cikin inji, iska ta yi yawa, wuta ta ƙara ci, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Farfelar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya cikin matsanancin zafi, kuma abin da ya raba sandarta da ƙonewa shi ne ɗan siririn baƙin man da ke ratsa ta. Abu uku take so: iska mai tsabta, baƙin mai na ƙwarai da ake juyewa a kan kari, da fetur marar gauraye. Duka ukun su ne suka fi wuya a wurinmu.

A je gareji a Filinge cikin hunturu a ga bakanike ya buɗe akwatin matatar iska. Zai ciro ta ta koma ja kamar bulo, ya buga ta a jikin taya, ƙura ta tashi ta rufe masa fuska, ya hura ta da iskar famfo, ya ɗaga ta sama ya duba, ya mayar. Mai mota ya ji daɗi an yi masa tsimin kuɗin sabuwa. Abin da bai gani ba shi ne ƴar ɓarakar da bugun ya yi wa takardar. A tsohon inji wannan ɓaraka shekaru take ɗauka kafin ta nuna kanta. A inji mai turbo, ƙwayar rairayin da ta ratsa tana cin karo ne da farfela mai wancan gudu, tana gatsar bakinta kaɗan-kaɗan, har ranar da mota za ta fara fito da hayaƙi tana kuka kamar ana busa usur. Baƙin mai ma haka. Injin yana son na zamani mai tsada, wanda ake sayarwa a rufaffiyar galan, ba na durom da ake aunawa da gwangwani ba, kuma cikin ƙura da zafinmu dole a riƙa juye shi tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa.

Sai fetur. Injin turbo na waɗannan shekaru yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, da famfo mai matsi ƙwarai, ta ƴan ƙofofin da ido da ƙyar yake ganinsu. Wanda yake shan mai a gidan mai kullum ba shi da fargaba sosai. Amma wa zai rantse ba zai taɓa tsayawa wurin ƴan ruwa-ruwa ba? Ranar kasuwa a ƙauye, allura ta kwanta, abin da ke akwai shi ne kwalabe a kan tebur da mazurari da ƙyallen tacewa. Wani man mai kyau ne, wani ya kwana a jarkar da ruwa ya taɓa zama, wani an ƙara masa kananzir. Famfon nan da injektocinsa ba sa yafe irin wannan, kuma inji mai turbo ya fi saurin ƙwanƙwasa in fetur ya yi rauni, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40. Abin mamaki, ta wannan fuska mai batir ce ta fi haƙuri da man ƙauye.

Zafin nan bai bar batir ba shi ma. Batirin litiyom yana saurin tsufa in yana yawan zama cikin zafi, duk mai waya ya san haka. Na Maverick ruwa ne yake sanyaya shi, wanda ya fi na tsofaffin Prius da fanka ke hura wa iska, fankar da ƙura take toshewa. Amma sanyayawar ruwa tana nufin ƙarin famfo da ƙarin tiyo da za a kula da su.

In aka auna lalacewar motocin biyu, ba iri ɗaya ba ce. Mai turbo takan yi ciwo sau da yawa, amma yawanci tana ba da sanarwa: ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya canza, a lallaɓa da ita har gareji. Mai batir ba ta cika ciwo ba, amma ranar da na'urar sarrafa wutarta ko batirin da ke jan motar ya ƙi, ba ta motsi ko taku ɗaya, domin injin lantarkin ne yake tayar da na fetur. Babu bakanike a Shikal ko Tukunus da zai taɓa ta, kuma yana da gaskiya da ya ƙi. Sai an nemo babbar mota ta ɗauke ta zuwa Yamai, a sa mata kwamfuta, sannan a fara jiran kaya daga ƙetare. Jiran nan ya ƙara tsawo tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da iyakar Gaya da Malanbil ta rufe, kayan da a da suke shigowa ta Kwatano suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja. Motar kasuwa da ta yi wata biyu a kan duwatsu lokacin kaka ta ci ribar shekara. A halin tsaron da jihar Tillaberi take ciki kuma, tsayuwar mota a daji da yamma ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Wasu ma suna faɗa ƙasa-ƙasa cewa a-kori-kura kat-kat mai kyan gani ita ce ƴan bindiga suke kwaɗayi, shi ya sa ba kowa yake son mallakarta a arewacin Filinge ba.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu suke tsallakewa, wanda ni a ganina ya fi batir da turbo nauyi. Ko wace ka ɗauka, Maverick ba Hilux ba ce. Ba ta da shasi daban da jiki, a kan ginin ƙaramar motar gida Ford Escape aka yi ta. Bayanta bai wuce mita 1.4 ba. Nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka kilo 680 ne, har da direba da duk wanda ke ciki, wato buhu shida na hatsi masu kilo 100 ka cika ma'auni. Mu kuwa mun san yadda ake lodi ranar Lahadi a Baleyara: buhuna har sun wuce rufi, akuya a ɗaure a gefe, mutum goma a sama. Tsohuwar Pijo da Hilux sun jure wannan zalunci saboda suna da shasi da sifirin mai ganye da maƙeri zai iya ƙara wa ɗaya. Wannan in aka yi mata haka a hanyar gargada, jikinta ne zai fara tsagewa. Kat-kat ɗinta ma ba ta da ƙaramar giyar nan ta fita daga kafewa. Kuma duka biyun giyarsu mai canza kanta ce, ke nan in batirin tayar da mota ya mutu da asuba babu zancen a kira samari a tura ta tashi.

A ƙara da asalin motar da ake turowa. Yawancin masu sauƙin kuɗi a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA motoci ne da kamfanonin inshora suka sallama, wasu saboda haɗari, wasu saboda ambaliya. Mai turbo da ta yi karo ana iya ganin raunin da ido, a buga a gyara. Mai batir da ruwa ya shiga tana iya tashi lafiya a filin gwanjo, tsatsa kuma tana cin mahaɗan wayoyinta a ɓoye har ta iso Filinge. Haka kuma Ford ya yi kiranye ga motocinsa masu wannan inji na lita 2.5 mai batir a 2022, ya sake a 2023, saboda haɗarin tashin wuta in inji ya fashe. A Amurka kyauta ake gyaran, amma motar da ta hau jirgin ruwa ba a yi mata ba ta yi bankwana da wannan dama.

Ra'ayina ya rabu ne bisa inda motar za ta riƙa kwana. Ɗan Kurfai da ke zaune a Yamai, ma'aikaci ko mai shago, wanda yawonsa cikin gari ne, sai ƙarshen wata ya biyo kwalta ya zo gaida iyaye ya koma da buhu biyu na wake, ya ɗauki mai batir kada ya yi shakka. Tsimin nasa ne, bakanike mai kwamfuta yana kusa da shi, injin kuma zai fi daɗewa a hannunsa. Ɗan kasuwarmu na Shikal da ke bin kasuwannin ƙauye, in dole sai ɗaya cikin biyun, mai turbo kat-kat ce tasa, domin motar da ta kafe ba ta tsimin komai. Amma ya san ya ɗauki alkawari: matatar iska sabuwa ba bugaggiya ba, baƙin mai na galan, jarkarsa ta kansa cike daga gidan mai, kuma buhu shida ya tsaya. In ya san ba zai iya riƙe wannan ba, kuma na san da yawa ba za su iya ba tunda kasuwa ba ta barin mutum, to ya bar wa Auta motarsa. Ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin Hilux mai fetur lita 2.7, marar turbo marar batir. Ta fi su shan mai nesa ba kusa ba, ta fi su tsada ko da tsohuwa ce, amma tana da wakili a Yamai, kayanta suna kowace kasuwar kayan mota daga Yamai har Kano, kuma babu garejin da zai ce bai san ta ba.

Ina kyautata zaton nan da wasu shekaru mai batir za ta ci wannan muhawara har a ƙauye. In masu kat-kat na 2025 suka tsufa suka yi araha, in samarinmu da suka riga suka ƙware a haɗa sola da batir suka sami horo a kan wutar mota mai ƙarfi, to injin da ya fi jure man ƙauye kuma ya fi tsimi zai yi wuyar kayarwa. Cibiyoyin koyon sana'a na jiha ya kamata su fara wannan darasi tun yanzu, kafin wani yaron gareji ya kama wayar ruwan lemo da hannu.

Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar yin oda, kada kuɗi su tashi sai ya karɓi lambar shasi mai harafi 17, an bincika masa tarihin motar da ita, an ga abin da takardarta ta ce game da haɗari ko ruwa, an tabbatar an yi mata gyaran kiranye. Ya sa a ɗauko masa hoton ƙarƙashin kujeru da cikin akwatin fis, inda laka take ɓuya, da hoton ƙarƙashin motar ta baya don ya ga ko da gaske kat-kat ce. Ya roƙi ɗan'uwan nasa ya cusa matatun iska da na baƙin mai na shekara biyu a cikin motar, da takalman birki da ƙaramar na'urar karanta ciwon inji, domin a can ba su da tsada, a nan kuwa babu su. Ya kuma je Yamai da ƙafarsa ya nemo bakaniken da ya taɓa buɗe irin wannan inji, su yi magana ido da ido, sannan ya je wurin mai fitar da kaya ya ji nawa duwan da jigila daga Lome za su ci, ya haɗa da kuɗin gwanjo, ya ajiye jimlar kusa da farashin tsohuwar Hilux.